Noman Ranin da Ba a Taɓa Yi a Tudun Kanya Ba

Duk wanda ya leƙo shagona ya gan ni zaune gaban kwamfuta, fanka tana kaɗa ni, sai ya ce Baba Isyaku ya samu aikin hutu. Ku matasan da kuke zuwa kuna cewa in koya muku, na san abin da ke ranku: a buɗe waya, a rubuta tambaya, a kwafo amsa, a buga, a ɗaure, a miƙa wa malami. Wallahi da haka aikin yake, da tuni na rufe shagon nan na koma gona, don jikata da ke aji huɗu ma ta iya wannan. Buga takarda kowa ya iya. Abin da ya ci min shekaru shi ne gane wace takarda ce ta isa a dogara da ita.

Aikin farko da maigidana Malam Audu Akawu ya ba ni, wata 'yar maƙala ce ta wani ɗalibi a kan kiwon awaki. Zamanin tafireta ne da kabon, da ruwan goge kuskure mai warin nan da ke hawa kai. Rumfarsa tana daura da ƙofar kwalejin horon malamai da yaran yankinmu ke shiga, daidai inda shagona yake yanzu. Na zauna na buga shafi huɗu tas babu kuskure, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya ɗora tabarau, ya bi layi-layi, sai ya sa yatsa a inda ɗalibin ya rubuta wai masana sun tabbatar.

"Waɗanne masana, Isyaku? Ba su da suna? Ba su da gari?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to in je in tambayo. Na bi ɗalibin har bakin famfo inda yake wanki. Ya yi ta sosa ƙeya, a ƙarshe dai ya ce kawunsa ne ya faɗa masa. Malam Audu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce a rubuta sunan kawun da ƙauyensa da shekarun da ya yi yana kiwo. Ya ce kawu mai suna ya fi masana marasa suna.

Malam Audu ɗan gidan malamai ne. A zauren mahaifinsa ya tashi, inda ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, kuma shi wanda aka jiyo daga gare shin, mutumin kirki ne ko mai shaci-faɗi. Wannan tarbiyyar ya ɗauko ya ɗora wa takardun boko. Shekara shida na yi a hannunsa, kuma ban taɓa ganin ya buga shafin da bai karanta ba.

Da kwamfuta ta zo, sannan intanet ta biyo baya, sai na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe sauya kama ta yi. Wani yaro daga wajen Shanono ya taɓa kawo min shafi goma a kan cutar gyaɗa, Turanci mai kyau, da hotuna masu launi. Na gangara can ƙasan shafin da ya kwafo, inda ba wanda ke kaiwa, sai ga shi na masu sayar da maganin feshi ne. Kowace cuta suka ambata, maganinsu ne kaɗai ke kashe ta. Wata kuma ta kawo bayanin lokacin shuka masara, muka duba inda aka rubuta shi, ashe ƙasar da ƙanƙara ke rufe gona rabin shekara ce. Kwanan nan ma sai ga manhajar nan da ake yi wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Ta ba wani ɗalibi sunan littafi da marubuci da shafi, komai tsaf. Muka kwashe hantsi guda muna neman littafin, babu shi babu dalilinsa. Shi ya sa duk takardar da aka kawo, sai na nemi wanda ya rubuta ta, da inda yake aiki, da lokacin da ya rubuta, sannan in bi inda ya ce ya samo har in kai gindin maganar. Malaman kwaleji sun san haka nake, su da kansu suke turo min ɗalibai.

Aikin da ba zan manta ba shi ne na Malama Rabi. Malamar firamare ce a Tudun Kanya, 'yar garin ce kuma, can aka haife ta, can take aure. Tana karatun ƙaro ilimi na ƙarshen mako, kuma shekarun da kwaleji ta ɗibar mata sun zo ƙarshe. Idan ba ta kare kundin bincikenta a gaban malamai tare da rukunin wannan shekarar ba, karatun ya tashi a banza, ga shi an riga an gaya musu duk malamin da ba shi da takardar shaida zai bar aji. Sau ɗaya mai duba aikinta, wato sufabaiza, ya riga ya dawo mata da shi, ya ce ba ta da madogara. Saura sati uku a zauna kare kundi ta shigo shagona da goyo a baya da filashin kwamfuta a hannu, fuskarta fal murna.

"Baba, Allah ya rufa asiri. Na samo. Har wuri uku na gani a intanet, kuma sufabaiza ya ce ya yi."

Bincikenta a kan dalilin da ke sa yara fashin makaranta da rani ne. Na sa filashin, na buɗe. Shafuka uku ne daga wurare uku, duk irin wuraren nan da ke tara kundayen ɗalibai suna sayarwa. Babu sunan marubuci ko a ɗaya, babu shekara. Na jera su gefe da gefe, sai na ga jimlolin iri ɗaya ne, har inda aka sa waƙafi. Na ce mata, "Malama, wannan ba shaida uku ba ce. Kamar mutum uku ne a kasuwa suka ba ki labari ɗaya, alhali duk a bakin mutum guda suka ji."

Na ci gaba da karantawa. Takardar ta ce an yi bincike a ƙauyuka biyar masu noman rani da ruwan dam ɗin Watari, an gano iyaye suna cire yara daga aji don tsinkar tumatir. Ƙauye na biyar a jerin shi ne Tudun Kanya. Har da wani layi da ke cewa da sassafe za ka ga yaran garin a bakin kwata ɗauke da kwanduna.

Na juyo na dube ta. "Malama Rabi, akwai kwatar ruwa a garinku?"

"Babu, Baba. Mu da muke kan tudu."

"Kun taɓa noman rani?"

Ta gyara goyonta. "To, na ce wataƙila da can ne, kafin in yi wayo. Ai ba za su rubuta haka kawai ba."

Abin nan ya ba ni tausayi ƙwarai. Mace ta haura talatin a garin da aka binne cibiyarta, amma don ta ga magana da Turanci a allon waya, sai ta ƙaryata idonta. Ban ga laifinta ba, haka aka koya mana, cewa abin da aka buga ya fi abin da muka sani. Sai dai ni a lokacin ba tausayi kaɗai ke damuna ba. Gumi ne ya keto min duk da fankar, don layin nan na yara da kwanduna na san shi. Ni na gyara shi da hannuna.

A wata muguwar shekara aka yi abin, shekaru da dama kafin zuwan Rabi, bayan rasuwar Malam Audu. An yi dogon yajin aiki, kwaleji a rufe wata da watanni, shagona kamar maƙabarta. Da aka buɗe kuma, tsakiyar damina, sai aka ce duk 'yan ajin ƙarshe su miƙa kundi cikin 'yan kwanaki. Ɗalibai suka yi min caa. Ina bugu ba ji ba gani, janareta na ta hayaƙi, na daina karanta abin da ke wucewa ta gabana. A cikinsu akwai Ɗanlami, yaro mai hankali, mahaifinsa na kwance ba lafiya, shi kaɗai ke noman gidansu, ga hanyar ƙauyuka duk ta yanke. Ya zauna a kan bencin shagona da takardun tambayoyin da ya kamata ya kai wa iyayen yara, da biro uku, shuɗi da baƙi da ja, yana cikewa da kansa. Wata ya rubuta da dama, wata da hagu, don kada rubutun ya zo ɗaya. Ina kallo, ban ce uffan ba. Da ya ce malaminsa ƙauye biyar yake so, shi kuma huɗu ya sani, ni ne na ce masa, "Sa Tudun Kanya mana, ai nan kusa da dam take." Ban taɓa taka garin ba, allon sunansa kawai nake gani a bakin titi. Na buga, na ƙawata masa Turancin, na ɗaure. Yadda kundin ya fita daga sito ya hau intanet, Allah kaɗai ya sani.

Da na yi shiru, da Rabi ta wuce lafiya. Mai duba aikinta ya riga ya amince, ba kuma wanda zai je Tudun Kanya neman kwata. Na zauna ina juya abin a raina, ita kuma tana jira in fara bugu. Sai na kashe fankar na gaya mata komai, sunan yaron kawai na ɓoye.

Ta kafe ni da ido. Ta ce, "Baba, sati uku fa ya rage. Kai ka yi ɓarnar, ni kuma zan kwashe? Ka buga min kawai. Wa zai sani?"

"Ke kin sani yanzu. Kuma idan kika sa shi, kundinki zai zama na huɗu. Wanda zai zo bayanki zai ce ai har 'yar garin ma ta tabbatar."

"To in ci me? In koma gida in zauna?"

Na ce, "A'a. Kina da abin da duk intanet ba ta da shi. Rajistar makarantarku tana hannunki, iyayen yaran kuma maƙwabtanki ne. Ki tambaye su. Bugu da gyara ki bar min."

Ta zare filashinta ta fita ko sallama babu. Ban ji haushi ba, ta fi ni gaskiya.

Washegari na rufe shago na hau babur na nemi Ɗanlami. Ya zama hedimasta a wani ƙauye wajen Kunci, furfura ta fara fito masa, kowa na yabon yadda yake riƙe da makaranta. Muka zauna a inuwar darbejiya a bakin ofishinsa, na buɗe waya na nuna masa. Ya karanta layi biyu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Inna lillahi. Baba, ni na ɗauka gara ta cinye shi tuntuni."

Na ce intanet ba ta da gara. Na gaya masa halin da Rabi ke ciki. Ya roƙe ni don Allah kada sunansa ya fito, ya ce takardar shaidarsa a kan kundin nan take tsaye, ga iyali. Na yi masa alkawari, don na ga yadda ya yi shekarar nan da idona, kuma da na hana shi a lokacin da ya hanu. Amma bai bar ni na tafi haka ba. Nan take ya kira hedimastocin ƙauyuka biyu maƙwabtan Tudun Kanya, ya ce akwai wata malama da za ta zo duba rajista, a buɗe mata komai.

Kwana uku Rabi ba ta zo ba. A na huɗu sai ga ta da littafin rubutu na 'yan makaranta, ya cika har bango. Ba ta gaishe ni da fara'a ba, ta dai ajiye shi a kan tebur. Ta bi gida-gida bayan an tashi daga makaranta, ta zauna da iyaye mata a tsakar gida, mijinta kuma ya raka ta wajen maza a dandali. Kowa ta rubuta sunansa da unguwarsa da ranar da suka yi magana. Abin da suka gaya mata kusan ɗaya ne, kuma rajista ta goyi bayansu: da rani rijiyoyin garin ƙafewa suke, yara ke tafiya ɗibar ruwa can gangare da jarkoki tun da safe, kafin su dawo an kusa tashi. Garin da aka rubuta wai yaransa na bakin kwata, ƙishirwa ce ke hana su karatu.

"Kullum ina ganinsu da jarkokin nan," in ji ta. "Ban taɓa zaton abin rubutawa ba ne."

Daga ranar muka duƙufa. Na nemo mata rubuce-rubucen da ke da suna da shekara da mujallar da ta fitar da su, kowanne muka bi manazartarsa muka ga akwai su da gaske kafin mu ɗauka. Da yawa muka zubar. Wanda muke shakka, sai ta kai wa mai kula da ɗakin karatun kwaleji ya duba mata. Sabis ya yi ta yankewa, batirin sola ya yi ta mutuwa da la'asar, jaririnta ya yi ta kuka a kan tabarmar da na shimfiɗa masa. A babi na biyu ta rubuta sakin layi guda a kan takardar nan ta intanet: ba ta da marubuci, wurare ukun kwafin juna ne, ta ambaci noman rani a garin da ba a yi, kuma wani da ya ga yadda aka haɗa ta ya shaida mata cewa ba a je ƙauyukan ba. Haka ta rubuta, wani. Na lura, na kuma ji daɗi a raina, ba zan ɓoye muku ba. Mai duba aikinta ya yi ta ƙorafin an canja masa abu a ƙurarren lokaci, amma da ya ga littafin hirarrakin sai ya bar ta ta shiga.

Ranar kare kundi ina shago ina ɗaurin wasu takardu, hankalina yana can. Bayan azahar ta shigo, ta zauna a kan benci, ta ɗora kundin a cinya. Na ce yaya. Ta ce sun yaba, har ɗaya daga cikin malaman ya ce a kai wa hukumar ilimi kwafi. Amma babu fara'a a fuskarta.

"To mene ne?"

"Gyara ɗaya suka ba ni, Baba. Babban cikinsu ya ce na ƙi takardar intanet don ba ta da suna, ga shi ni ma shaidata ba shi da suna. Ya ce ko in kawo sunan mutumin da sana'arsa, ko ba zai sa hannu ba. Na ce to bari in cire sakin layin, ya ce ya riga ya karanta, ba a cirewa. Yau ƙarfe huɗu suke rufe karɓa."

Na dubi agogon bango, uku saura kwata. A raina na ce wannan malamin ya san aiki, ko da yake a kaina aikin ya faɗo.

Ta ce, "Ban zo in roƙe ka ba. Na san su ne masu turo maka ɗalibai. Kuma kundin a ɗakin karatu za a ajiye shi, kowa zai gani. Na zo ne kawai don ban san inda zan je ba."

Tsoro ya kama ni, gaskiya. Shekara da shekaru ana cewa a kai wa Baba Isyaku, shi ba ya barin ƙarya ta wuce, yanzu kuma in rubuta da hannuna cewa ta taɓa wucewa har na ƙara mata gishiri. Sai na dubi yatsunta, duk tawadar biro, na tuna gidajen da ta shiga ɗaya bayan ɗaya da goyo a rana, a kan maganata.

Na ce, "Miƙo filashin."

Na buɗe babi na biyu, na goge kalmar wani. Na rubuta cewa mai buga takardun da ya buga ainihin kundin ya shaida an cike takardun tambayoyin a shagonsa yana kallo, kuma shi ne ya ba da sunan Tudun Kanya ba tare da ya san garin ba. Sunan Ɗanlami bai fito ba. Sannan na gangara shafin manazarta, jerin mutanen da aka yi hira da su, na sa sunana a tsakanin na wata tsohuwa mai sayar da ƙuli da na wani mai unguwa. Na haɗa da sunan mahaifina, don mu biyu ne Isyaku a layin nan, kada a ɗora wa mai gyaran waya.

Rabi tana tsaye a bayana tana karantawa. Ta ce, "Baba, ba sai ka sa maganar sunan garin ba. Wannan ba su tambaya ba."

"Haka aka yi, Malama."

Firinta ta fitar da shafukan biyu da ɗuminsu. Na warware ɗaurin, na sauya su, na sake ɗaurewa, na tsayar mata da ɗan acaɓa a bakin titi. Ta hau, ta riƙe kundin a ƙirji, ko waiwaye ba ta samu yi ba. Na dawo na zauna, na kasa taɓa komai.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Hayaniya ce a bayanta, da ƙyar nake jin ta.

"Baba, ya sa hannu. Ya karanta sunanka sau biyu, ya tambaye ni ko Isyakun bakin ƙofa ne."

"Me kika ce masa?"

"Na ce shi ne."

Na ce madalla, ta gaida mutanen Tudun Kanya. Na ɗauki buta na fita alwala, ta gaban ƙofar kwaleji, inda malamai ke fitowa.